Muryoyin Matan Goro

Ruwaida na tsakiyar cin waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, a ofis sai ga kiran Anti Safiatu, ƙanwar babanta mai sayar da atamfa a unguwar Dichemso.

"Ke Ruwaida, me kuka yi wa muryar Maame? Tun safe nake dannawa, ba komai."

Maame kakar Ruwaida ce, bara ta rasu. Tana cikin tsofaffin matan Zongo masu fataucin goro da Ruwaida ta bi gida-gida ta naɗi labarinsu, aka adana a ɗakin karatun jami'ar da take aiki, kowa na iya saurare ta waya. A makon nan aka kwashe duk abin da ɗakin karatun ke da shi a kwamfuta zuwa sabon tsari.

Ta ture abincin, ta shiga bincike. Kundayen ɗalibai na nan, hotunan gonakin koko na nan. Matan goro kuwa ko ɗaya.

Ko sallama ba ta yi ba ta faɗa ofishin shugaban sashe, Malam Khalidu.

"Ina muryoyin?"

Ya cire tabarau. "Zauna mana. Sabon tsarin bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Duk fayil ɗin da sunansa ke da su, tsallake shi ya yi. 'Yan kwangila ba su lura ba."

"To a koma tsohuwar na'ura a ɗauko."

Ya ce an goge ta, an ba sashen jarrabawa.

Ta ɗaga murya. "A nan na tsaya na ce maka a fara gwadawa da na Hausa, ka ce lokaci ya ƙure! Kai ka hana ni ajiye kwafi a gida, wai doka. Da rubutun wani farfesa ne ya ɓace, da yanzu kana nan kana cewa in zauna?"

"Ruwaida, sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba! Kai ma ɗan Zongo ne. Innarka Hajiya Azaratu tana ciki, da bakinta ta faɗi yadda ta goya ka a kan motar goro. Ita ma ka goge ta."

Ya sunkuyar da kai yana jujjuya biro.

Daga ranar, tana tashi aiki sai ta hau trotro, motar haya, ta bi dangin matan, ko wani ya taɓa saukewa a waya. Wasu sun canza waya, wasu suka rufe ta da faɗa. Abin da ta tattaro bai kai rabi ba.

Ranar bikin buɗe sabon tsarin, Malam Khalidu ya tsaya gaban manyan jami'a ya ce an kwashe komai lafiya. Ana cikin tafi Ruwaida ta miƙe.

"Ƙarya ne," in ji ta. Ta shiga kiran sunayen matan da ƙarfi, har mai gadi ya zo ya tsaya kusa da ita. Ba ta zauna ba sai da ta gama.

Mako na zagayowa aka mayar da ita ɗakin ƙasa, wurin jera tsofaffin jaridu. A can wata malamar tarihi da ta halarci bikin ta sauko ta same ta, ta ja kujera ta ce, "Maimaita min sunayen nan, a hankali."