Dokin da Aka Matsar da Gida Ɗaya

Mai agogo ya ture akwati na uku gefe, ya ce wa matar shagon, "Wannan ma ba zai yi ba."

"Haba Baba, ko minti ɗaya fa ba ka yi da shi ba."

"Ya isa. Duba ki gani."

Ya cusa hannun dama a aljihu, ya miƙa na hagu yana karkarwa da gangan, ya kai kan allon darar da ke cikin akwatin. Bayan hannunsa ya goge sojoji uku, suka sulale suka faɗi kan kanta. Matar ta bi shi da kallo, ta rasa ko ciwo ne ko wasa.

"Lafiyata ƙalau," ya ce. "Hannun wani nake aro."

Shagon na kayan wasanni ne, ƙwallaye cikin raga suna reto daga rufi, ga wani mutum-mutumi mara kai sanye da rigar gudu. Abin da ya kawo shi allon ces ne, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Ƙarami yake so, wanda zai zauna a kan tiren abincin asibiti. Ya auno tiren da zare, ya yi ƙulli biyu, kuma duk allon da aka ɗauko sai ya shimfiɗa masa zaren tukuna.

Shekara ashirin da biyu ke nan suna bugawa da mai awo, tsohon ma'aikacin auna filaye, kullum da yamma a gefen teburinsa na gyara. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce, mai awo ya ɗaga hannu zai yi tafiyarsa a kan allo, sai hannun ya faɗo kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Wasan ya tsaya a nan, mai agogo ya zana inda kowane ɗa yake a bayan wata tsohuwar ambulan ta wasiƙa.

Jiya likita ta zo gadonsa a asibiti, ta ɗaga cokali ta ce, "Baba, mene ne wannan? To taɓa hancinka." Mai awo ya dube ta, ya juya fuska bango. Ta ce sashen da ake koya wa irinsu magana da motsi gadajensa kaɗan ne, wanda ke gane abin da ake faɗa masa ake ba wa. Yau ƙarfe huɗu za ta sake gwada shi, in bai nuna komai ba a sallame shi gida. Babban ɗansa kuwa, a tsaye a kansa, ya ce wa ƙanwarsa, "Ai Baba ya riga ya tafi, gangar jiki ce kawai."

Wannan maganar ce ta hana mai agogo karyawa da safe. Mutumin da ya auna rabin unguwannin garin nan da ƙafarsa, a ce masa taɓa hancinka! Da sassafe ya kinkimi babban allonsu ya kai, sista ta tare shi a ƙofa ta ce nan ba majalisa ba ce, ba inda za a ajiye wannan tebur.

"Ga na gilashi," in ji matar shagon. "Shi manya ke saya."

"Na ajiyewa a falo ne, baƙi su ɗauka mai gidan yana da tunani."

"To ga mai maganaɗisu, ko a mota ba ya zubewa."

Mai agogo ya ja da baya, ya dafe aljihun ƙirjinsa inda agogunan mutane biyu ke kwance. "Nesa da ni! Wannan abin in ya shinshini agogo, sai ya riƙa gudu kamar an biyo shi." Duk da haka ya sa ta riƙe allon, ya gwada da hannun aron nan. Sarki ya tsaya, amma sojoji ƙanana ne kamar ƙwayar magani, yatsu ba su kama su.

"Baba, me zai hana ku yi a waya? Jikokinka su saka maka, ba ɗauka ba ajiyewa."

"'Yata, mutumin nan abu ɗaya ya rage masa, hannun hagu. Ki bar shi ya riƙe wani abu da shi."

Ta durƙusa ƙarƙashin kanta, ta yi ta jan kwalaye, ta fito da wani akwatin katako da ya yi ƙura. Kowane gida na allon da ke ciki yana da rami a tsakiya, kowane ɗa yana da ƙafa ɗaya da ake sokawa. Zaren ya zauna daidai, har da rarar yatsa biyu. Mai agogo ya ɗaga doki ya kai kusa da ido. Wanda ya sassaƙa shi ya ba shi fuskar wanda ya ji wari bai san daga ina ba, kuma duk huɗun haka suke.

"Tun mai gidana na da rai yake nan," ta ce. "Kowa sai ya ce ramukan sun yi tsauri."

"Wannan ai aikina ne."

A teburinsa ya ɗaura gilashin ido ɗaya, ya ɗauki siririn ƙarfen da yake buɗa ramin ƙusar agogo da shi. Rami sittin da huɗu, kowanne juyi uku, ya busa, ya soka soja da hannun hagu, ya zare. In ya yi sako-sako da yawa zai faɗi, in ya matse mara lafiya ba zai iya cirewa ba. Wani ya zo karɓar agogonsa, mai agogo ya ce masa ya dawo gobe, lokaci ba ya guduwa. Mutumin ya ce to ai shi ya sa ya kawo gyara.

A cikin bas ya ɗora akwatin a gwiwa, ya ciro ambulan, ya jera wasan yadda ya tsaya. Shi ne fari, mai awo baƙi, kuma tafiyar baƙi ce. Kwana goma sha ɗaya yana nazarin wannan tsayuwar, bai gano wa abokinsa wata hanya mai sauƙi ba. An matse baƙi ta ko'ina. Ko da lafiyarsa sai ya yi rabin awa yana tsaki kafin ya taɓa komai. Likita kuwa ba za ta tsaya rabin awa ba.

Bas ta tsaya a danja. Ya tuna yadda mai awo ya juya fuska bango. In fa yaron nan gaskiya ya faɗa? Ya kama farin dokinsa, wanda ke tsare sarauniya, ya zare shi ya soka a gidan da ke gefe. Yanzu sarauniyar a buɗe take, wanda ya koyi wasan jiya ma zai cinye ta. Ya rufe akwatin da sauri.

Agogon bangon ɗakin marasa lafiya yana baya da minti bakwai, kuma ya ga ba wanda abin ya dama. Likita ta riga shi isowa, da takardunta a hannu. Ɗan yana jingine da taga yana latsa waya, 'yar tana goge wa uban baki da tawul.

"Kawu, don Allah ba yanzu ba," in ji ɗan. "Kada a wahalar da shi."

"Kai da ka binne shi tun jiya, ina ruwanka da wahalarsa? Likita, minti biyar nake roƙo. Ki bar cokalin nan."

Ta dubi akwatin, ta ɗaga kafaɗa. Ya jawo tiren, ya ɗora, ya buɗe.

"Kai, ɗan awo, tafiyarka ce. Ka kwanta nan kana cin abincin gwamnati don ka ga za ka sha kashi."

Idon mai awo ya sauka kan allon. Ya daɗe a nan. Hannun hagu yana kwance kan bargo, bai motsa ba. Sarauniya tana tsaye tsirara a gabansa, ga shi ya ƙi ko kallonta. 'Yar ta sauke numfashi. Likita ta cire murfin biro.

"Ci mana," mai agogo ya ce ƙasa-ƙasa. "Ga ta nan, ci."

Mai awo ya ɗago ya dube shi. Rabin fuskar da ke da rai ya ɗaure tamau. Hannun ya taso yana rawa, ya tsallake baƙaƙen 'ya'yansa duka, ya wuce sarauniyar, ya kama farin dokin. Sau biyu yana kuskuren ramin, a na uku ya soka shi gidansa na asali. Sannan ya buga tiren da bayan hannu, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ba kalma ba ne, amma duk ɗakin an san zagi ne.

"Ya ɗauki na wani," in ji ɗan. "Kin gani ko, likita? Bai ma san nasa ba."

"Ya sani," in ji mai agogo. Kunnuwansa sun yi zafi. Ya ciro ambulan ya miƙa mata, ya nuna da farce. "Nan dokin yake ranar da ya faɗi. Ni na matsar da shi a mota, don ya samu abin ci a gabanki. Maguɗi na yi masa, ya kama ni."

Likita ta dubi zanen, ta ƙirga gidajen da bakin biro, ta sake ƙirgawa. Ta matso kusa da gadon.

"Ranka ya daɗe, jiya ka gane abin da na tambaye ka?"

Mai awo ya lumshe ido sau ɗaya, a hankali, kamar mai sallamar ɗan aike.

Ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta ce wa sista a shirya masa gado a sashen gobe da safe. 'Yar ta toshe baki da tawul ɗin. Ɗan ya saka wayar a aljihu, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa.

Mai awo bai kula kowa ba. Ya kama wani baƙin soja na can gefen allo, wanda mai agogo bai taɓa ɗauka a bakin komai ba, ya tura shi gida ɗaya.

Mai agogo ya sunkuya. Ya bi ta nan, ya bi ta can, ya ga duk inda ya sa ƙafa nan da tafiya huɗu sarkinsa ba shi da mafita. Ya jawo kujera ya zauna da ƙarfi.

"Wato kana kwance, muna ta kuka, kai kuwa wannan kake ƙullawa? Mugu. Sista, ƙarfe nawa ake korar baƙi?"

"Shida, Baba."

"To kada wanda ya yi mini magana."