Habbanayen Gidaɗo

"Ciyaman, saniya guda ta fa," in ji Namadi. "Guda tak. Kuma ba ta saidawa ba ce."

Shugaban ƙungiyar masu shanu bai ko ɗago kai daga kofin shayinsa ba. Suna zaune a rumfarsa da ke bakin kara a Gummi, kasuwar shanun da a da ƙugin tireloli ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Yau kuwa sai ƙudaje da dillalai masu hamma.

"Malam Namadi, ko akuya ta. Mutanen Nijar sunka hana shanunsu shigowa nan, mu ma munka rantse ko kofato ba ya ƙetarawa can sai an zamna an daidaita. In na bar ka, gobe kowa na nan da tashi saniya guda. Yi haƙuri, manyanmu na taro Habuja."

Taro! Tun kafin shuka ake wannan taro, ga shi har gero ya fid da kai. Namadi ya hau babur ya kama hanyar ƙauyensu Zugu.

Shi Namadi manomi ne gaba da baya, saninsa da saniya bai wuce taki da nono ba. Maƙwabcinsa Gidaɗo shi ne mai shanu, ko a ce wanda ya taɓa zama mai shanu. Shekarar da ɓarayin daji suka kore garkensa kaf, ya shigo gari da matarsa Dija, ya kafa bukka a jikin dangar Namadi. Da labari ya kai ga amininsa Dikko can Nijar, sai ya aiko masa da karsana habbanaye. Al'adar Fulani ce: a ba ka aron saniya, ta haifa maka, ka riƙe 'ya'yan, ka mayar da uwar ga mai ita. Ba shaida, ba rantsuwa, kunya ce kawai da tsoron Allah.

To, karsanar, Wule mai farin goshi, ta yi nata, ta haihu, gidan Gidaɗo ya sake ƙamshin kindirmo. Lokacin mayarwa ya yi, sai rigimar iyaka ta tashi, sai kuma ciwo ya kwantar da Gidaɗo. Ba direban da zai loda ta ya saɓa wa ƙungiya, hanyar daji kuwa ko mahaukaci ba ya bin ta da saniya. Dikko ya yi waya ya ce a bar ta, ba gaggawa. Gidaɗo ya ce, "Shi ya faɗi nashi na mutunci. Ni ban yi nawa ba." Abin da yake tsoro ke nan, ya kwanta dama da amanar mutum a turkensa.

Dija ta tare Namadi a bakin danga. "Yau ko kunu bai amsa ba. Tambaya tai guda ta, an tafi da Wule?"

Tausayi ya kama Namadi. Ya kwana yana juya abin, ya ga tun da ƙungiya ta hana tsoho hutawa, shi zai hutar da shi ko da ƙarya ce. Da sassafe ya kwance Wule, ya ja ta, ta ja shi, da ƙyar ya kai ta bayan rumbunsa ya ɗaure. Ya share gumi, ya yi sallama a bukka.

"Gidaɗo, albishirinka. Ciyaman ya yarda. An loda ta mota tun asuba."

Tsohon yana kwance a tabarma, ya koma kamar sillen kara. Ya buɗe ido, ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita. Har ya karɓi kunu ya kurɓa.

Da hantsi ya yi, sai Wule ta saki kuka daga bayan rumbu. Maraƙinta, wanda Namadi ya bari a turke, ya amsa. Ta ƙara, ya ƙara. Dija ta sunkuyar da kai, Namadi kuwa ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Gidaɗo ya kasa kunne. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi. Ashe dariya yake yi, wadda ba ta da sauran ƙarfin fita.

"Kaɗo dai Kaɗo na," in ji shi, yana zolayar Bahaushen maƙwabcinsa. "Ka ɓoye uwa ka bar ɗa? Ko Makka kak kai ta ina gane muryatta. Maido ta, ɗan bai sha ba."

Namadi ya dawo da ita har ƙofar bukka. Maraƙi ya kafa kai yana tsotso. Gidaɗo ya miƙo hannu, aka sa masa bakin igiyar. Ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya lalubo tafin Namadi ya danƙa masa, ya naɗe yatsun da nasa.

"Ni na gaji, maƙwabci."

Kafin la'asar ya cika.

A wajen jana'iza, liman ya juyo ga jama'a ya tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai wanda ya san wani haƙƙi a kan mamaci. Namadi ya gyara murya.

"Akwai saniyar Dikko, Malam. Amma ta sauka daga wuyanai. Tana wuyana."

Da yamma rediyon wani gida ya ce an ɗage taron masu shanu sai bayan Salla. Namadi yana tsugune a gindin turken da ya kafa a tsakar gidansa, yana fama da igiya, ƙullin yana warwarewa. Dija ta leƙo ta kan danga, idanunta jawur.

"Ba haka nan shika ɗaure ta ba. Zagaya ta ƙasa."

Ya zagaya ta ƙasa, ƙulli ya kama. Ya zuba mata harawa. Wule ba ta ko sunsuna ba, tana tsaye, farin goshinta yana duban ƙofar bukka.