Hannun Safiyanu

"Ni ce zan lalata? To ai matacciya ce tun da, Sada, me ya rage in kashe?"

Inna Adama ta riƙe wayar nesa da kunne kamar garwashi. Ƙanin mijinta ne ke magana daga Kaduna, yana cewa ta bar wa masu ilimi aikinsu.

Tun hantsi take zaune a shagon Gilbert, mai gyaran kwamfuta a Ikara, ta biyo acaɓa daga Janfalan da tsohuwar kwamfutar ɗanta na fari a ƙunshe cikin zane. Safiyanu malamin firamare ne, shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Akwai muryarsa a ciki, ita kaɗai take so ta ji.

Gilbert ya ce injin ya ƙone, amma ya kwashe hanjin ya zuba cikin tasa laftof ɗin, ya gina mata ɗaki a ciki.

"Kwamfuta cikin kwamfuta?" in ji Inna. "Ashe su ma suna ɗaukar ciki."

Ɗakin ya tashi, ga ƙofa, ta ƙi buɗuwa. Mabuɗin kuwa, kalmar sirrin, an san shi, sunanta ne. Gilbert ya buga sau goma, ɗigo-ɗigo baƙaƙe na fitowa, ƙofar na girgiza kai. Ya kashe, ya kunna, ya hura kibod ɗin, ya sosa furfurarsa.

"Mama, a wajen ɗakin nan komai daidai kibod ɗin yake rubutawa. Ina jin marigayi ya canza."

Fanka na juyawa a hankali, idon Inna ya yi nauyi. Sai ga ta a gindin tsamiyar gidanta bayan la'asar, tana saƙar faifai, ɗan nata yana gefen tabarma da kwamfutar a cinyarsa. Bai taɓa kiran sunanta da baki ba, ita ma ba ta taɓa kiran nasa ba, kunyar ɗan fari. Amma kullum yatsunsa sai sun faɗe shi: ƙaramin yatsan hagu can gefe, na tsakiya, gefe kuma, hannun dama ya sauko ƙasa kamar kaza ta tsinci gero, a koma gefe. Ta sha kallo ta wutsiyar ido tana yi kamar zaren kaba take nema.

Ta buɗe ido ta dubi hannun Gilbert.

"Ɗan nan, ba nan yake taɓawa ba. Kai sama kake hawa."

"Mama, ai nan harafin yake."

"Ni na san wani harafi? Matsa."

Nan ne Sada ya bugo waya yana cewa za ta lalata. Ta ajiye wayar a cinya, ta goge hannu a zane, ta ɗora yatsu masu kanta. Gefe, tsakiya, gefe, ƙasa, gefe.

Ƙofar ta buɗe.

Gilbert ya kama baki, ya sunkuya yana duban madannan, can ya fashe da dariya. Laftof ɗinsa 'yar Kwatano ce, an jera haruffanta irin na Faransa. Ta ciki kuwa ba wanda ya gaya mata an yi ƙaura, tana nan tana jiran kowane harafi a inda Safiyanu ya bar shi.

Ya laluba ya danna. Sai ƙarar ruwan sama a kan kwano, da muryar wata tsohuwa tana tatsuniya, sai wani ya yi dariya ya ce, "Inna, sake faɗa, ban ɗauka ba."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Wayar na nan a cinyarta, Sada bai daina magana ba, yana tambayar wa ya koya mata. Ta ɗaga ta.

"Ku da kuka yi boko rubutun kuke kallo, Sada. Ni hannunsa na kalla. Kashe wayar, yaron yana magana."