Bokitin Tsohon Direba

Auta ce ta samo tallafin, kuma ba wanda ya isa ya ce ba da zuciya ɗaya ta yi ba. Ita dai ta gaji da ganin mahaifinta, tsohon direba mai ciwon gwiwa, yana jan ƙafa da bokiti kowace safiya zuwa rafin da ke bayan unguwa.

Shi ya fara dasa itatuwa a wurin, lokacin da ruwa ya cinye gaɓa har ya soma leƙen katangun mutane. Da farko dariya aka yi ta masa. Daga baya tela ya fito da nasa bokitin, mai walda ya bi sahu, matan layi suka shigo, sai abin ya zama jeri. Wani ya ɗebo daga rafi ya miƙa wa na kusa, hannu da hannu har gindin dashe. Baba ne a ƙarshe, shi ke zubawa. A nan ake jin wanda ya kwana da zazzaɓi da wadda 'yarta ta haihu, a nan masu gaba ke shiryawa ba su ankara ba.

"Direba, ka bar tuƙa mota ka koma tuƙa mu," in ji tela.

"Ku? Ai mota ta fi ku jin birki," Baba kan ce.

Labarin wannan jeri Auta ta ba wata gidauniya mai kare muhalli, shi ya burge su suka saki hannu. Aka kafa famfo mai aiki da hasken rana, aka shimfiɗa siraran bututu masu ɗiga ruwa a gindin kowane itace, aka zagaye wurin da waya saboda awaki, aka sa ƙofa da kwaɗo, makulli a hannun mai gadi.

Itatuwa kam suka yi shar, wannan ba ƙarya. Jeri kuwa ya watse ba tare da kowa ya ce a watse ba. Baba bai daina tashi da wuri ba. Sai dai ya zauna a kujerar roba a ƙofar gida yana murɗa rediyo, ya gaida mai wucewa, mai wucewa ya amsa yana sauri. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Auta ta gani sarai, amma ta ce wa ranta ai hutawa yake yi.

Ana nan sai gidauniya ta aiko cewa za ta zo ta ɗauki hoton jama'a suna aiki tare. Auta ta bi gida gida tana roƙo. Mai walda ya ce, "'Yata, aikin me kuma? Ba inji ke yi ba?" Waɗanda suka fito, kunyarta ce ta fito da su.

Baba kuwa kamar an yi masa albishir. Ya sa aka goge masa riga, ya wanke bokitinsa da kansa. Yana shiga ƙofar bai jira kowa ba, ya gangara rafi da gwiwar nan tasa, ya ciko shi fal, ya hauro yana haki har gindin itacen da ya fara dasawa.

"A'a Baba, kada ka zuba," in ji injiniyan gidauniya. "Ruwan a aune yake. In ya yi yawa saiwa za ta ruɓe."

Mai hoto ya ce, "A zubar da shi can, sai a karkata bokitin kamar ana zubawa."

Baba ya juyo ya dubi Auta. Baƙi na kallo, rana ta fara zafi, ita kuma so take a gama lafiya.

"Yi haƙuri Baba," ta ce. "Hoto ne kawai."

Bai yi musu ba. Ya ɗauki ruwan ya fita da shi bayan waya, ya kwarara a ƙasa, ya dawo ya karkata bokitin da babu komai a ciki. Da aka ce ya yi murmushi, ya yi.

Suna komawa gida ya ba surukarsa, matar ɗansa, bokitin ta riƙa wanki. Hoton ya zo cikin gilashi, aka rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Auta ba ta iya ɗaga ido ta kalli hoton. Ba famfon ne ya fi cin ranta ba. Maganar nan ce da ta fito daga bakinta, a gaban mutane, ga mutumin da ya dube ta yana jiran ta tsaya masa.

Wata safiya ta karɓo makulli daga mai gadi, ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, tashi mu je rafi. Ni zan ɗebo, kai ka zuba."

Ya rage muryar rediyo, ya daɗe yana kallon makullin a tafinta.

"In je in ɓata musu awo, Autata? Ai kin hutar da ni. Allah ya yi miki albarka."

Ya mayar da rediyon kunnensa. Ita kuwa ta kasa cewa amin.