Saukar Shahon Vendel Bácsi

"Cire ragar nan!" Vendel bácsi ya daka min tsawa ta saman shinge. "Ta ina kike so ya sauka?"

Ina kan tsani, guduma a hannu, ƙusa a baki. Raga nake kafawa a kan akurkin kajina, kuma saboda shi nake wannan wahala. Tun farkon mako tsohon ba shi da zance sai na shaho, ni kuma na ɗauka 'yan tsakina yake ji wa tsoro.

"Wa zai sauka, bácsi?"

"Shaho mana! Etelka, yaushe kika kurumce?"

Kaina ya ɗaure. Tun ina amarya muke maƙwabtaka da shi, bácsi muke ce masa, wato kawu, makanikin tarakta ne a gonar haɗin gwiwa har ya yi ritaya, kuma ban taɓa jin mai kaji ya yi wa shaho marhabin ba. Yanzu ya haura tamanin, ciwon zuciya ya kumbura masa ƙafafu, yana zaune a keken guragu a tsakar gida, fuskarsa na kallon gonar masara. Ya ƙi shiga ɗaki, ya ƙi abinci.

'Yarsa Gizi ta zo daga birnin Szolnok, ta riga ta shirya motar asibiti ta ɗauke shi washegari. Da ta faɗa masa, sai ya riƙe tayoyin keken da hannu biyu, ya rantse sai dai a ɗauke shi da tsakar gidan.

Da rana na kai masa miyar kaza da taliya, irin wadda yake so. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kofur, wa ya ba ka izinin barin fili?"

"Ni ce Etelka, bácsi. Ga miya."

"Sai ya sauka tukuna."

Na ja Gizi gefen rijiya. "Yarinya, faɗa min gaskiya. Me ubanki yake nema a wurin tsuntsu?"

Ta share ido da bayan hannu, ta kira ni néni, wato inna, kamar kullum. "Ba tsuntsu ba ne, Etelka néni. Ina jin jirgi ne. Mama ta taɓa ce min lokacin yaƙin duniya a filin jiragen soja ya yi aiki. Akwai wani jirgin yaƙi da ake kira Héja."

Héja, sunan da muke kiran shaho ke nan a harshenmu.

"To wa ke ciki?"

"Wansa, Ödön."

"Ödön ɗin da aka ce zazzaɓi ya kashe?"

"Haka aka riƙa faɗa, amma tashi ya yi a jirgin bai dawo ba. Kin san zamanin da, wa zai buɗe baki ya ce ɗan'uwansa ya harbi jirgin waɗanda suka ci yaƙin suka zo suna mulkarmu?"

Ashe yana jin mu. Kunnen da ba ya jin kiran abinci, wannan ya ji shi tsaf.

"Italiyawa suka zana shi," ya ce, muryarsa garau kamar ba shi ba. "Mu muka ƙera namu, muka sa masa injinmu. Ni na zare masa katakon tokare taya da safen nan. Wanda ya zare katako, shi ke mayarwa. Ba ya barin fili, ba ya cin komai, sai jirginsa ya sauka."

"Baba, yaƙin nan ya ƙare tun ba a haife ni ba."

"Wa ya tambaye ki?"

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Na hango shi a gadon asibiti, an ɗaure shi da robobi, yana kallon silin yana jira. Na koma gida, na hau tsani na yage ragar da na sha wuyar kafawa. Na kwaso 'yan tsakina a kwando, na juye su a tsakiyar gidansa, na watsa musu tsakin masara.

"Néni, lafiyarki kuwa?" in ji Gizi.

"Ban sani ba. Riƙe karenku, ki yi shiru."

Muka zauna a dakalin ƙofa kamar wawaye. Hankaki suka zo suka tafi. Can wani jirgin fasinja ya ratsa sama yana jan farin layi, Gizi ta miƙe zumbur.

"Baba, ga shi can! Ga jirgin!"

Ya ɗan ɗaga ido. "Wannan bas ce."

Rana ta karkata, miya ta huce, na fara lissafin yadda zan tattara 'yan tsakina in tafi da kunyata. Sai uwar kajin ta saki wani irin kuka daga gidana. Ban ma ga zuwansa ba. Wani abu toka-toka ya keto ta bayan bishiyar gyaɗar Turawa, ya faɗa tsakar gidan, ya karkace gefe, ƙura ta tashi. Ga shaho a ƙasa, ya baza fikafikai a kan farin ɗan tsakona, yana harararmu da jan ido.

Vendel bácsi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Dubi saukar banza! Ödön, har yau ba ka iya ba?" Ya juyo gare ni. "Kofur, katako! Maza!"

Na ruga wurin itacen girki na suro guntaye biyu, sannan na tsaya turus a tsakiyar gida. Ina zan sa su? Gaban tsuntsu? Kafin in gama tunani shahon ya tashi da abin da ya kama, na ce shi ke nan, mun koma jira. Tayoyin da na gani a gidan kaf na kekensa ne. Na durƙusa na cusa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na buga su da tafin hannu.

Ya leƙo, ya duba aikina da kyau. Bai ko kalli sama ba.

"Ya yi," ya ce. "Ina miyar?"

Gizi ta ɗumamo ta. Ya kurɓi kaɗan, ya ce gishiri ya yi yawa, ya jingina kansa. Muna ta gardama ni da ita a kan gishirin, ba mu san lokacin da ya tafi ba.

Har yau ban san abin da ya gani ba, jirgi ko tsuntsu, ko ya san ni ce ya ƙyale ni in yi ta kofur. Na yi kuka sosai, fiye da yadda na zata.

Washegari motar asibiti ta zo ta juya ba kowa. Bayan jana'iza Gizi ta kama keken za ta tura shi rumfa, ya ƙi motsi. Ta sunkuya ta ga guntayen itacen, ta saki hannu, ta shiga ɗaki. Keken na nan yana kallon gonar masara, wani farin gashin tsako maƙale a tayarsa.