Farin Abu a Ƙirjin Al-Amin

Tari ne ya kama Al-Amin, jaririn Rahmatu, likita ta ce a yi masa hoton ƙirji a kawo mata bayan hutun ƙarshen mako. Uban yaron, Nuraddeen, shi ya je ya karɓo hoton. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, mai digiri biyu, irin mutanen da ba sa iya riƙe ambulan ba su leƙa ba. Tun a mota ya buɗe. A tsakiyar ƙirjin yaron, sama da zuciya, ga wani farin abu ya baje, ya ci gefen huhu.

Da ya isa gida ya lalubo nasa hoton ƙirjin, wanda aka yi masa lokacin ɗaukar aiki, ya kara su biyun a jikin taga. Nasa fes, babu komai a wurin. Shi ke nan, malam ya gama likitanci: ƙari ne, cutar kansa.

Bai gaya wa Rahmatu ba. Mahaifiyarsa ya kira a Zariya, Hajiya ta yi salati, ta ce kada ya kuskura mai shayarwa ta ji. A gidansu haka ake yi, ba a kai wa mai goyo mugun labari, wai nono zai ƙafe. Kafin la'asar kuwa labarin da aka ce a ɓoye ya zaga dangi kaf, har da na Uke da ba a gaisawa da su sai da salla.

Washegari Hajiya ta iso da ƙannenta biyu. Yayan Nuraddeen ya baro shagonsa a Apo, wata gwaggo ta zo da kwandon lemo daga Zuba. Rahmatu ta yi murna, baiwar Allah, ta ɗauka zumunci ne ya motsa. Duk wanda ya shigo sai ya karɓi yaron, ya daɗe yana kallonsa, ya tofa masa addu'a, ya miƙa wa na kusa. Ita kuwa da ta miƙo hannu sai Hajiya ta ce, "Je ki kwanta ki huta, 'yar nan. Ai muna nan." Sai lokacin shan nono ake kai mata shi, yana gamawa a ɗauke. Ta sami barcin da rabonta da shi tun haihuwa.

Ranar komawa asibiti Nuraddeen ya so ya tafi shi kaɗai, Rahmatu ta ce ai likita ta ce a zo da yaron. Likitar, Dokta Magdalene, 'yar Karu ce, Hausarta ta kasuwa, ba ruwanta da namiji ko mace a magana. Ta ɗora hoton a fitila, ta saurari ƙirjin yaron, ta ce mura ce kawai, huhu lafiya lau.

"Likita, wannan farin fa?" in ji Nuraddeen.

"Wannan? Taimus ne, oga. Kowane jariri yana da shi." Ta nuna da biro. Ta ce tsoka ce mai laushi, ɓari biyu, tana kwance a bayan ƙashin ƙirji. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta a ɓargo ake yin su, amma nan wasunsu suke zuwa su koyi rarrabe cuta da naman jikin mutum. Wanda bai iya ba, jiki ya kashe shi tun a nan. "Lokacin da yaro yake ƙarami, shi yana da girma, saboda aiki yana da yawa. In an balaga sai ya fara ƙanƙancewa, ya koma kitse."

"Amma ni a nawa hoton babu."

"Kai ka tsufa, oga. In na ga babu a na yaro, shi ne zan damu."

Nuraddeen ya kifa kai a tebur ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ya zaro waya ya kira Hajiya, ko gaisuwa babu. "Ba kansa ba ce! Hajiya, ki gaya wa kowa, ba kansa ba ce!" Guɗar da aka yi a falonsu har likita ta ji.

Rahmatu ta biyo shi suka fito wajen ajiye motoci. Ta gyara goyonta, ta tsaya.

"Abban Amin, su waye kowa?"

Ya fara lissafi, ya ga ba zai ƙare ba, ya ce Hajiya ce ta hana, saboda nono.

"Wato zuwan da suka yi, bankwana suka zo yi da shi."

"Don ke aka yi, wallahi. Ba mu so hankalinki ya tashi."

"Na ji haushi, kuma zan daɗe ina ji," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Har gwaggon Zuba ta riƙe ɗana ta yi masa kallon ƙarshe. Ni kuka tura ɗaki."

Ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta zagaya ta shiga baya, ta kwanto yaron ta ɗora a cinya.

"Da abin gaskiya ne," ta ce, "da ina can ina barci."