Mijin da ke Cikin Fasfo

"Ni fa ban shaida komai ba, Hajiya," in ji Alhaji Saleh, bai ko ɗago kai daga buhun shinkafar da yake ɗaurewa ba.

Rabi'a na tsaye a bakin shagonsa, rana na dukan unguwar Sa'alaba ta Jidda tun hantsi. Kwana huɗu ke nan gawar maƙwabciyarta Sajida tana firjin asibiti, mijinta Jabiru tela kuma yana tsare a hannun askarawa, 'yan sandan ƙasar.

Tsohon zance ne ya taso. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, da Sajida za ta zo umra ba ta da muharrami, sai ejan ya rubuta mata sunan wani Zaharadden a matsayin miji. Sau ɗaya ta taɓa ganin mutumin, a filin jirgi, ko gaisawa ba su yi ba. Ta zauna a Jidda, ta auri Jabiru a wani gida a unguwar Karantina, da sadaki da shaidu, amma babu takardar kotu, don ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Ranar da ta cika, Jabiru ya je karɓar gawa, ya ce shi ne miji. Ma'aikaci ya buɗe tsohon fasfo ya ga wani suna daban. Nan take magana ta koma aure kan aure.

"Alhaji, kai ka tsaya mata waliyyi," in ji Rabi'a. "Ni na miƙo maka farantin dabino ta bayan labule. Malamin da ya ɗaura an tasa ƙeyarsa gida, gidan ma an rushe shi. Cikin waɗanda suka zauna a wurin kai kaɗai ne mai iƙama. Ka je ka gaya wa alƙali, a saki bawan Allah ya binne matarsa."

"Idan alƙali ya tambaye ni yadda na aurar da mace marar takarda, in ce masa me? Kafilin da ya tsaya mini a ƙasar nan ya ji, shi ke nan, tawa ta ƙare."

"To shekara ashirin da biyun nan zaman me take yi a ɗakin Jabiru?"

"Allah ya san gaskiya."

"Ya sani. Kai ma ka sani."

Saleh ya gyara zama, ya yi ƙasa da murya irin ta masu wa'azi. "Tsakani da Allah, ita ma da nata laifin. Mace ta yarda a rubuta mata mijin ƙarya?"

"Hajiyarka da wane muharramin ta shigo, Alhaji?"

Ya jawo wani buhun. Can ya ce, "Yalla, tafi, kina tare mini ciniki."

Wannan mutumin ne yake riga ladan shiga masallaci, goshinsa har ya yi baƙi. Ranar Juma'a kuwa ba ya rasa tuwon Sajida da miyar kuka, har ya suɗe kwano yana sa mata albarka. Rabi'a ta dube shi, yawu ya taru a bakinta. Ta juya ta tofar a kwata, ta wuce.

A rana ta shida ma'aikatan hukuma suka binne Sajida bayan azahar. A takardar da aka liƙa wa likkafaninta an rubuta matar Zaharadden. Jabiru yana can a kulle, bai zuba mata ƙasa ko tafi ɗaya ba.

Da la'asar maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Ta cikin bango Rabi'a ta ji wanda yake jan addu'a, da ƙarfi, yana jan kowace kalma. Muryar Saleh ce. Ta ajiye kofin shayin da ke hannunta, ta hau saman bene.

Wankin ƙarshe da Sajida ta yi yana nan a kan igiya, rana ta busar da shi ƙarau. Farar jallabiyar Jabiru da shuɗin zanenta suna rataye gefe da gefe, maƙale da fegi ɗaya. Rabi'a ta sauke su, ta kakkaɓe ƙura, ta ninke su tare.